Ranar da Layin Makiyaya Ya Yi In'ina

Sai da shanu suka shiga gonar Ahmadu ta Hawandawaki suka share masa wake tas, sannan mutanen Tasawa suka tuna da ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan biro, wato ofishin Ƙungiyar Tsintsiya. Da ma haka ɗan Adam yake, ba ya tuna rijiya sai guga ya dawo masa da laka.

Ƙungiyar ta manoma da makiyaya ce, kuma abin da take tinƙaho da shi duk faɗin Tasawa da Mayahi shi ne layin makiyaya. Lamba ce guda. Ko kana tsakiyar daji da 'yar wayarka mai tocila, in ka buga za ka ji muryar Zara'u, da Hausa da Fulatanci, tana gaya maka burtalin da ke buɗe, da rijiyar da ta ƙafe, da ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi. A bana damina ta yi nawar tafiya, wake bai bushe ba, sai aka ɗaga ranar sakin. Zara'u ta karanta sanarwar sarai. Amma duk wanda ya buga a makon nan sai ya ji muryarta tana in'ina, tana kakkaryewa, kafin ta kai ga magana layin ya tsinke. Makiyaya suka riƙe tsohuwar rana, suka koro shanu.

Da aka buɗe cikin sarbar, wato babbar ordinata, kwamfutar da layin ke zaune a kanta, sai aka tarar da gurabe biyu wayam. An zare baret biyu na memwar, 'yan siraran allunan nan da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, mabuɗi kuwa a wuyan mai gadi yake rataye. Mai gadin Bube ne, Bafulatani, shanun da suka yi ɓarnar kuma na dangin uwarsa ne. Ba wanda ya wahalar da kansa da dogon tunani. Kafin la'asar har masu tallan fura sun san cewa Bube ya lalata na'ura don 'yan uwansa su ce ba su ji sanarwa ba.

* * *

Rahma, wadda ta kafa sarbar ɗin da hannunta, tana Korgom wajen mahaifinta lokacin da Zara'u ta bugo mata. Mahaifin nata shi ne Ladan Mai-sawu. A zamaninsa in aka sace saniya, shi ake ɗaukowa, ya duƙa ya kalli rairayi, ya miƙe ya ce ɓarawon gurgu ne kuma ya tsaya shan taba a gindin gawo. Yanzu ido ya yi masa hazo. Cikin 'ya'yansa Rahma ce kaɗai ta gaji duban ƙasa, sai boko ya ɗauke ta ya kai ta Yamai, ta dawo da ilimin ordinata. Tsohon bai taɓa ɗaukar hakan asara ba. Duk majalisar da ya zauna sai ya ce ɗiyarsa tana bin sawu a inda babu ƙasa.

"Bube sunka ce?" in ji shi. "Buben da na sani?"

"Shi hwa, Baba. Wai har da sawun takalminshi cikin ɗakin."

Tsohon ya yi tsaki. "Takalmi! Takalmi ana aronshi, ana sayenshi kasuwa. Tahiya ce ba a aro. Kar ki tsaya ga abin da mutum ya taka da shi, duba yadda ya saba takawa."

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta tada moto, ɗan babur ɗinta, ta shiga rairayi.

* * *

Ta tarar da Bube zaune a gindin dogon yaron da ke ƙofar biro, sandarsa a kan gwiwa, wuyansa babu igiyar mabuɗi. Wannan wuya mara igiya shi ya fi komai sosa mata rai. Mutane sun yi masa da'ira daga nesa, ba sa magana da shi, ba sa kuma tafiya.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Oumarou, ya tare ta a zaure. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin mai son da ke sa a yi saurin samo mai laifi.

"Madam Rahma, gobe da hantsi Ahmadu da Ardo za su zo. In ba wani bayani, jandarma zan kira. Ni ma ba da son raina ba, amma gari ya ɗau zahi."

"Ka ba ni zuwa goben, Alhaji."

"Na ba ki. Ki sha shayi tukuna."

Malam Sharifu, magatakardan ƙungiyar, shi ke haɗa shayin. Tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, daga garin Sarkin Hausa, kuma shi ya riƙa lallaɓa ordinatocin biro kafin a ɗauko Rahma. Duk Tasawa an san shi da abu guda: shi ne mai rabon watanda. In aka haɗu aka sayi sa aka yanka, shi ake miƙa wa wuƙa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce kashin wani ya fi nasa ba. Ko shayin nan sai da ya jera kofuna, ya duƙa ya auna su da ido, ya rage wa wannan ya ƙara wa wancan, har Alhaji ya ce, "Malam, shayin zai huce kana shari'a."

"Gara ya huce da a zalunci wani," in ji Sharifu. Ya miƙa wa Rahma nata bai dube ta ba.

* * *

A ƙofar ɗakin sarbar ta tsaya, kamar yadda ta ga mahaifinta yana yi a bakin garke. Sawun takalmin roba na Bube yana nan a kan ƙurar daɓe, gaskiya ne. Ya shiga, ya bi bango, ya kewayo ya fita, ga kuma layin tsintsiya a gefensa. Sawun mai shara ne, bai ko matsa kusa da ƙarfen da aka ɗora sarbar ba. Gaban sarbar kuwa masu zuwa kallo sun tattake wurin, har ba a gane na mutum da na akuya.

Ta buɗe murfin, ta leƙa, sai ta ɗaga gira. Baret ɗaya aka zare a dama, ɗaya a hagu, kuma daga gurbi iri ɗaya. Ɓarawo mai tsoro yakan fizgi na kusa da hannunsa ne ya arce. Wannan ya zauna ya zaɓa.

Sarbar ɗin gida ne mai sassa biyu. Kowane sashe da furosesarsa, wato ma'aikatan da ke yin aikin, kuma kowane da rumbunsa na memwar a gindinsa. Cikin gidan ake zuba mashin birtuwel, ƙananan ordinatocin nan da ba ka iya taɓawa da hannu, waɗanda Rahma ke kira 'yan haya. Ma'aikaci yana iya ɗibar abin da yake so a rumbun ɗaya sashen, amma sai ya bi ta wata siririyar ƙofa, in masu bi suka yi yawa kuwa sai a yi cirko-cirko. Saboda haka tun farko ta ware wa layin makiyaya sashen dama, ta ɗaure ma'aikatansa a can, ta ɗaure memwarsa a rumbun da ke kusa da su, domin murya ba ta jira. Sauran 'yan hayar, na rajistar iri da taki, da na taswirar gonaki, da na aikin biro, ta tara su a hagu, tunda su in sun yi jinkirin ƙiftawar ido ba wanda zai rasa wakensa. Tana alfahari da wannan tsari, kuma ba ta ɓoyewa.

Da ta kunna allo, ba ta gane gidanta ba. An kwance duk ɗaurin da ta yi. Kowane ɗan haya an tsaga shi biyu, rabin ma'aikatansa a dama, rabi a hagu, memwarsa ma an baza ta haka. Ba a kuma gaya wa 'yan hayar cewa gidan sassa biyu ne ba, suna ta aika ma'aikata rumbun nesa suna zaton na kusa ne. Layin makiyaya ya koma yana turereniya da na taswira, ƙaton nan mai cin wuri, a daidai makon da kowa ke bugowa. Ba zare baret ne ya sa Zara'u in'ina ba. Da baret kawai aka ɗauka, da layin ya ci gaba da magana.

Ta duba ko na'urar za ta faɗi wanda ya shiga. Ina! Kowa a biron da suna ɗaya yake shiga, kalmar sirrin kuma sunan ƙungiyar ce, wadda ke rubuce da manyan baƙaƙe a bangon waje. Ta sha yin faɗa a kan haka, ana ce mata ai duk gida ne. Abin da ta samu kawai shi ne an kashe sarbar cikin ladabi ranar Juma'a da tsakar rana, aka sake tada shi.

* * *

Ta fito ta durƙusa gaban Bube ta gaishe shi, da ƙarfi, don 'yan kallo su ji.

"Baffa, ina wuni? Ranar Juma'a da azahar ina kake?"

"Masallaci, ɗiyata. Ina zan kasance?"

"Mabuɗin hwa?"

"Ga ƙusa, bayan ƙohwar zaure. Ba ni shiga sahu da ƙarhe a wuya shina ƙara. Kowa ya san nan nike rataye shi."

"Wa ya rage biro sa'ad da ka tahi?"

Ya dubi kan sandarsa. "An ɗora mani abin da ban gani ba. Ni ba ni ɗora ma wani abin da ban gani ba." Ya ɗago. "Ba jandarma nike tsoro ba, 'yar Ladan. Ɗiyana suna ruga. Yau an ce masu ubansu ɓarawo ne. In sunka sake ni gobe ma, wa zai bi ruga-ruga ya ce ƙarya ne?"

Ta tashi zuciyarta na tafasa.

* * *

In ba Bube ba ne, to mai ilimin na'ura ne, kuma nan take ranta ya tafi kan Lamine. Shi ne ɗayan ma'aikacin ordinata, saurayi mai gyaran fuska da turare, wanda tun ranar da ta zo suke musu a kan wannan tsari. Ta same shi a kasuwa, a rumfar Muddassir mai gyaran waya, kuma abin da ta fara gani a cikin gilashin rumfar baret biyu ne kore shar. Ta matsa kusa.

"Muddassir, miƙo mani waɗancan."

Ya miƙo yana murmushin mai jiran ciniki. Ta ɗora su a tafin hannu, sai ta ji kunya ta kama ta. Gajeru ne, na ordinatar hannu, ko rabin tsawon na sarbar ba su kai ba. Lamine ya gane abin da ya kawo ta, ya tuntsire da dariya har yana buga benci.

"Haba, Madam! Ni? Franshman, gaskiya kin raina ni."

"An kwance ɗaurina duka, Lamine. Kai ne kullum kake cewa ɗaurin banza ne."

"Na ce, kuma ina nan kan bakana. Ni da na samu dama, otomatik zan sa, na'ura ta yi ma kanta shari'a, in tahi shan iskata. Mi anka yi?"

Ta gaya masa: kowane ɗan haya an raba shi biyu, da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

"Da hannu? Ɗaya bayan ɗaya?" Ya dafe ƙirji. "Madam, kin taɓa ganin na yi aikin da ba a sa ni ba? Ko wanda anka sa ni ma sai da rarrashi."

Wannan kam gaskiya ce da ba ta buƙatar shaida. Lalaci ma tafiya ce, kuma ba irin ta wannan mutumin ba. Ta koma biro tana jin haushin kanta, tana jin haushin Lamine da bai zama mai laifi ba ya hutar da ita.

* * *

Rana ta karkata lokacin da ta sake zama gaban allo. Wannan karon ta bar manyan, ta bi ƙanana, domin Ladan yakan ce a inda mutum ya ɗauka ba mai dubawa, a nan yake tafiyarsa ta gaskiya.

Can ƙarshen jeri akwai wani ɗan mitsitsin ɗan haya da ba ya komai sai daidaita wa sauran agogo. Auta take kiransa. Ma'aikaci guda ta ba shi, shi ma yawancin yini barci yake. Ta buɗe shi, sai ta ga ma'aikata biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Ta jingina da kujera. Ɓarawo ba ya ƙara wa kowa komai. Mai son lalata layi ba ruwansa da Auta. Masanin na'ura kuwa ko a mafarki ba zai ɓata ma'aikaci a kan mai duba agogo ba. Wanda ya yi wannan ya zo kan abu guda wanda ba ya rabuwa, ya kasa wucewa ya bar shi a gefe ɗaya, sai da ya mai da shi biyu don kowane sashe ya samu. Mutum ne da rashin daidaito ke yi wa ƙaiƙayi a jiki.

Ta ɗauki waya ta kira A'ishatu, mai kula da reshen ƙungiyar na Mayahi, inda suke da wani ƙaramin sarbar da ya daɗe yana rarrafe.

"A'isha, ya na'urarku?"

"Wallahi tun Asabar kamar an yi mata allura! Ba ke kinka aiko mana da maganin ba?"

"Wa ya kawo?"

Sunan da A'ishatu ta faɗa bai ba ta mamaki ba, amma ya yi mata ciwo, don tana ganin girman mutumin. Da ta fito ta biya ta wajen mai goro, ta zaɓi masu kyau, ta tabbatar ba za su kasu biyu cif ba.

* * *

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro. Ahmadu mai gona ya zauna da mutanen Hawandawaki a gefe guda, fuska a murtuke. Ardo Sama'ila da nasa suka zauna a ɗaya gefen, kowa ya rufe baki da rawani. Alhaji Oumarou a tsakiya, wayarsa a hannu. Lamine ya jingina da bango, Zara'u na bakin zaure, Bube kuma yana inda yake tun jiya, kamar an dasa shi.

"Kahin magana, ga goron baƙi," in ji Rahma. "Malam Sharifu, kai ne mai rabonmu."

Sharifu ya karɓi ƙunshin, ya kwance a kan faranti. Hannunsa ya san aikinsa ko ransa na wani wuri: ɗaya nan, ɗaya can, babba ya bi babba, fari ya bi fari. Can sai goro ɗaya ya rage. Wani da sai ya miƙa wa Alhaji, wani ya jefa aljihu. Sharifu bai ko yi tunani ba, ya sa farce ya ɓare shi, ya ɗora ɓari a kashin manoma, ɓari a kashin makiyaya.

"Haka ka yi ma Auta, Malam," in ji Rahma a hankali.

Hannunsa ya tsaya a kan farantin.

Ta juya ga jama'a ta yi musu bayani da harshen da za su ji: gida mai sassa biyu, rumbu biyu, da layin da ta ba sashe guda don kar murya ta jira. Ta ce Baffa Bube bai san hanyar shiga allon ba, sawunsa kuma na shara ne. Ta ce Lamine da shi ne da bai sha wannan wahala ba, aka ɗan yi dariya, har shi. Sannan ta faɗi yadda aka zare baret ɗaya a kowane gefe, aka tsaga kowane ɗan haya biyu, har wanda ba ya tsaguwa aka ƙara masa don ya tsagu.

"Duk Tasawa mutum guda na sani da ba ya iya ganin abu guda ya bar shi ga ɓangare ɗaya. Kuma baret ɗin suna Mayahi, cikin na'urar reshenmu. A'isha ta gaya mani wanda ya kai."

Sharifu ya ajiye farantin, ya gyara zaman hularsa. Bai sunkuyar da kai ba.

"Ni ne. Kuma ban sayar ba, ban kai gidana ba." Muryarsa ta mushen lakwal ce, mai kaiwa bayan aji. "Na buɗe allon nan na ga zalunci da idona. Layi guda ya kwashe rabin gida shina miƙe ƙahwa, aikin manoma duka an cusa shi lungu ɗaya. Mutanena na Mayahi kuma na'urarsu na rarrahe, nan ga baret jere kamar haƙora. Tsintsiya munka sa ma ƙungiyar nan suna. Na raba daidai, kamar yadda nike yi tun ba a haihe ki ba."

"Na san ba mugunta ba ce, Malam," in ji ta. "Amma ka taɓa kasa sa shina tsaye da ranshi? Sai an yanka kake sa wuƙa. Wanga abu mai rai ne, shina aiki. Sashen da na ba layi ba don makiyaya sun hi manoma ba ne. Layin shi ke tsare waken Ahmadu."

Ahmadu ya ɗago kai. Nan ne fuskar Sharifu ta fara sauyawa, don bai taɓa kallon abin ta wannan gefe ba.

"Rabon kuskure ne, kowa na yi," ta ci gaba, sai ta zo kan abin da ya kwana yana cin ta. "Amma jiya anka cire ma Baffa mabuɗi a wuya gaban jama'a, kana zaune kana auna shayi. Shi wanga rabo, wa ya samu kashi mai nauyi?"

Sharifu ya dubi Bube a karon farko tun jiya. Sai a lokacin kansa ya sauka.

"Na ji tsoro," in ji shi. "Na ce in anka ji ni ne, wa zai sake ba ni wuƙa?"

Ardo Sama'ila ya sassauta rawaninsa ya yi salati. Sharifu ya ce waken gonarsa ta Sarkin Hausa bana na Ahmadu ne, Ahmadu ya yi gunaguni ya karɓa. Alhaji Oumarou ya mai da waya aljihu da sauri, kamar bai taɓa fito da ita ba, ya zaro igiyar mabuɗi ya nufi Bube yana fara'a.

"To, Malam Bube, komi ya wuce. Ga amanarka."

Bube bai miƙa hannu ba.

"Alhaji, nan ƙarƙashin icce anka wanke ni. Ƙaryar ta riga ta kai Korgom, ta kai Mayahi, ta shiga rugage. Ta ina gaskiyar za ta bi ta?"

Rahma ta dubi ɗan ɗakin nan mai sanyi, ta dubi Zara'u, Zara'u ta gyaɗa kai.

"Ta inda in'inar ta bi," in ji Rahma.

* * *

Ta shiga ta kashe sarbar, Sharifu na tsaye a bayanta. Alhaji ya yanke cewa baret ɗin su zauna Mayahi, tunda buƙatarsu gaskiya ce, roƙo ne kawai ba a yi ba. Sai Rahma ta zare baret ɗaya daga hagu ta soka shi a dama, rumbun layi ya cika, na hagu ya rame. Ta ji Sharifu ya ja numfashi kamar an taka masa ƙafa.

"Daure, Malam," ta ce. "Ba daidai ba ne, amma shi ne daidai."

Ta tada na'urar, ta mai da ma'aikatan layi sashensu, ta ɗaure su da rumbunsu, ta kora sauran hagu, ta karɓe wa Auta ma'aikacin da aka ƙaƙaba masa. Ta kuma canza kalmar sirri, ta ce duk mai so ya zo a ba shi tasa da sunansa. Sannan Zara'u ta zaunar da Sharifu gaban makurofo. Ya yi gyaran murya, ya yi magana sau ɗaya, bai nemi a sake ba.

Kafin azahar wayar Rahma ta yi ƙara. Ladan ne daga Korgom. Ya ce ya buga layin ya ji, ya sa maƙwabta sun buga, yanzu kuma zai tafi bakin kasuwa da wayarsa. "Wa ya ce babu ƙasa a cikin ƙarhe?" in ji shi. Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ba ta share ba.

A gindin dogon yaro Bube ya ciro 'yar wayarsa mai tocila daga aljihun taguwa, ya buga lambar, ya ƙara sauti don kowa ya ji. Muryar ta fito garau, ko gargada babu.

"Ni ne Sharifu na Sarkin Hausa, magatakardan Ƙungiyar Tsintsiya. Ni na taɓa na'ura har layin nan ya lalace. Bube mai gadi bai ɗauki komi ba, bai ɓata komi ba. Duk wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai ji ba."

Sai muryar Zara'u ta biyo baya tana maimaitawa da Fulatanci. Alhaji Oumarou yana tsaye da igiya a hannu, rana na dukansa, Bube bai yi masa sauri ba. Sai da ya saurara har ƙarshe, da harshen gari da na ruga, sannan ya miƙa hannu ya karɓi mabuɗinsa ya rataya a wuya.